Karɓa-karɓa, takardar asali da tsallaka iyaka: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suke dawowa duk lokacin da aka kaɗa gangar siyasa ko aka rufe wata iyaka. Mun haɗa su wuri guda saboda tushensu ɗaya ne. A Najeriya ana raba mulki da muƙami da gurbin aiki bisa inda kakannin mutum suka fito, alhali jama'a ba su taɓa daina tashi daga wannan gari zuwa wancan ba, har da ƙetare ƙasa. Wanda bai san abin da doka ta ce da abin da ake yi a zahiri ba, shi ne yakan sha wahala a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a bakin iyaka.

Shin karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu tana cikin kundin tsarin mulki?

Ba ta ciki. Kundin 1999 bai ce shugaban ƙasa ya fito daga Arewa bana, daga Kudu baɗi ba. Hatta shiyyoyi shida da kowa yake ambata, kundin bai lissafa su ba. Marigayi Alex Ekwueme ne ya fi tsayawa a kan batunsu a taron tsara kundin mulki na 1994 zuwa 1995, kuma daftarin da taron ya fitar ya ƙunshi karɓa-karɓa, sai dai ba a taɓa aiki da shi ba.

Karɓa-karɓa yarjejeniya ce ta 'yan siyasa. Jam'iyyar NPN ce ta fara tsara ta sosai a Jamhuriya ta Biyu: Shehu Shagari daga Arewa, mataimakinsa Ekwueme daga Gabas, shugaban jam'iyya Adisa Akinloye daga Yamma, shugaban majalisar dattawa Joseph Wayas daga ƙananan ƙabilun Kudu. Bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 da mutuwar Abiola a tsare a 1998, manyan jam'iyyu suka bar wa Kudu maso Yamma fage, shi ya sa a 1999 Obasanjo da Olu Falae ne kaɗai suka kara. PDP ta rubuta tsarin a kundinta na jam'iyya, amma da ta ga dama ta buɗe takarar 2023 ga kowa, Atiku ya samu tikiti, gwamnoninta biyar ƙarƙashin jagorancin Nyesom Wike suka juya mata baya. Wannan shi ne irin hukuncin da ake yi wa mai karya karɓa-karɓa. A akwatin zaɓe ake yin sa, domin kotu ba za ta soke zaɓe don an saɓa wa abin da babu shi a kundin ƙasa ba.

To me kundin ya tanada don kada wani ɓangare ya handame komai?

Abubuwa huɗu ne manya. Sashe na 14(3) ya ce gwamnatin tarayya da hukumominta su kasance sun nuna fuskar ƙasar baki ɗaya, kada mutanen 'yan jihohi kaɗan ko ƙabilu kaɗan su mamaye. 14(4) ya ɗora irin wannan nauyi a kan jihohi da ƙananan hukumomi, kuma nan ne mutane suka fi mantawa. Sashe na 147(3) ya wajabta wa shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ministan ya zama ɗan asalin jihar. Sashe na 223 ya ce shugabannin jam'iyya na ƙasa su fito daga aƙalla kashi biyu bisa uku na jihohi. Na huɗu shi ne sharaɗin cin zaɓen shugaban ƙasa.

A lura, sashe na 147 ya faɗi yawan ministoci ne kawai, bai ce komai ba a kan wace ma'aikata za a ba wa. Shugaba zai iya cika sharaɗin tsaf, ya kuma tattara kuɗi da mai da tsaro a hannun mutanen yankinsa. Yawancin ƙorafin wariya da aka yi a zamanin Buhari, da wanda ake yi a zamanin Tinubu, daga wannan giɓi ya taso.

Yaya lissafin kashi 25 yake, kuma Abuja tana da wani matsayi na daban?

Sashe na 134 ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Arewa tana da jihohi 19, Kudu 17, don haka ko mutum ya share yankinsa kaf, bai kai 24 ba. Dole ya tsallaka. Idan babu wanda ya cika sharaɗin, sai a je zagaye na biyu tsakanin wanda ya fi yawan ƙuri'a da wanda, a cikin sauran, ya yi rinjaye a jihohi mafi yawa. Wannan na biyun ba lallai ne ya zama wanda ya zo na biyu a jimillar ƙuri'u ba. Har yau ba a taɓa kaiwa zagaye na biyu ba.

Sau biyu lissafin ya kai ƙasar Kotun Ƙoli da zafi. A 1979 jihohi 19 ne. Shagari ya samu rubu'i a 12, a Kano kuma ya tsaya ƙasa kaɗan da kashi 20. Awolowo ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku na jiha ta goma sha uku, wato a Kano rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'u ake nema, kuma kotu ta karɓi wannan. A 2023 Tinubu bai kai rubu'i a Abuja ba, masu ƙara suka ce hakan ya hana shi cin zaɓe. A ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Abuja tamkar jiha ta 37 ce a wannan lissafi, ƙuri'ar mazauninta ba ta fi ta kowa ba.

Gwamna ma haka: rubu'i a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomin jiharsa, bisa sashe na 179.

Wane yanki ne ya fi daɗewa a kan mulki?

Amsar tana ga shekarar da aka fara ƙirge. Mutumin Arewa zai ce a fara daga 1999: Obasanjo shekara 8, 'Yar'aduwa kusan 3 kafin rasuwarsa ranar 5 ga Mayun 2010, Jonathan 5, Buhari 8, sai Tinubu daga 2023. Zuwa Mayun 2027 Kudu za ta cika 17, Arewa 11. Mutumin Kudu kuma zai ce a fara daga 1960, a lissafa Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala, Shagari, Buhari, Babangida, Abacha da Abdulsalami, a kwatanta da watannin Ironsi da Shonekan da shekara uku da 'yan watanni na Obasanjo a kaki. Duka lissafin biyu gaskiya ne, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Akwai abin da kalmomin "Arewa" da "Kudu" suke rufewa. Tun 1999 shugabannin Arewa biyu duk daga Katsina suke, biyu daga cikin ukun Kudu kuma daga Kudu maso Yamma. Arewa maso Gabas da Arewa ta Tsakiya da Kudu maso Gabas ba su ɗana ba. Rikicin da ya fi muni kan wannan batu shi ne na 2011, lokacin da manyan Arewa a PDP suka ce wa'adin yankin bai cika ba, kwamitin Adamu Ciroma ya tsayar da Atiku, Jonathan ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani. Tarzomar da ta biyo bayan babban zaɓe ta ci rayuka fiye da 800 bisa ƙididdigar Human Rights Watch, kuma kusan duk talakawa ne da ba su da hannu a kowace yarjejeniya.

Yaya hukumar raba daidai take aiki wajen ɗaukar ma'aikata?

An kafa ta a 1996, kundin 1999 kuma ya tabbatar da ita a sashe na 153. Ƙa'idarta ita ce 'yan asalin kowace jiha su riƙe tsakanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin ɗari na guraben ma'aikatar tarayya, 'yan asalin Abuja kashi 1. Idan guraben ba su kai a zagaya jihohi ba, sai a raba bisa shiyya. Ana so ma'aikata ta tallata guraben, ta miƙa jerin waɗanda ta zaɓa tare da jihohinsu, hukumar ta duba ta ba da takardar amincewa.

Inda abin yake lalacewa sananne ne. Ma'aikata takan nemi izinin ɗaukar mutane ba tare da talla ba, da sunan gaggawa ko cike gurbin waɗanda suka yi ritaya, sai a raba guraben tsakanin manya. A takarda jihar ta samu kasonta, amma ɗan wanda yake da hanya ne ya shiga. Ɗan talakan Gumel ko Illela da ya gama digiri bai ma ji labarin ba. A ganinmu wannan ɓarna ta fi rashin daidaito tsakanin jihohi illa, domin tana sa jama'a su tsani tsarin da aka yi don kare su.

Matar aure kuwa, ƙa'idar hukumar ta ce tana ci gaba da cin kason jihar mahaifinta. Matsalar ita ce a aikace jihar mahaifin takan ce ta yi aure ta tafi, jihar mijin kuma ta ce baƙuwa ce.

Yaya ake samun takardar shaidar asali, kuma me ke kawo cikas?

Ƙaramar hukuma ce take bayarwa. A mafi yawan jihohin Arewa ana farawa da mai unguwa, ya shaida ya san mahaifinka da gidanku, dagaci da hakimi su sa hannu da hatimi, sannan a kai sakatariya da ƙananan hotuna da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, a biya kuɗi a karɓi rasit, shugaban ƙaramar hukuma ko sakatare ya sa hannu. Kuɗin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, saboda haka a nemi rasit na hukuma, a guji 'yan-na-kama da ke zaune a bakin ƙofa da takardu a jaka.

Abu uku ne suka fi jefa mutane cikin matsala. Na farko saɓanin suna: Muhammad a takardar asali, Mohammed a sakamakon jarrabawa, Mamman a rajistar NIN. A wurin tantance masu shiga soja ko 'yan sanda wannan kaɗai ya isa a sallami yaro. A daidaita sunaye tun kafin a buɗe shafin neman aiki. Na biyu mallakar takarda biyu daga jihohi biyu. Ranar da aka gano, aikin ne zai tafi. Na uku shi ne babba: kundin bai fayyace wace al'umma ce "ta asali" ba. Sashe na 318 ya ce mutum ɗan jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar, ya tsaya a nan. Sai hukuncin ya koma hannun shugaban ƙaramar hukuma. Ana haihuwar mutum a gari, a haifi mahaifinsa a garin, a hana shi takarda. Ya koma garin da aka ce kakansa ya fito, babu mai unguwar da ya san shi. Wannan tambaya ta wane ne mai gari tana cikin tushen rikicin Zangon Kataf na 1992 da na Jos a 1994 da 2001 da 2008.

Ina zaune a jihar da ba tawa ba. Zan iya yin zaɓe ko takara a can?

Ƙwarai kuwa. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama ko'ina, 42 ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa, 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili. Dokar zaɓe ta yarda mutum ya yi rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito, amma wuri ɗaya tak. Wanda ya sauya gari, ya nemi INEC ta mayar da rajistarsa sabuwar mazaɓa a lokacin da ake sabunta rajista. Kada ya sake sabuwa: na'ura tana gano yatsu da fuskar da suka maimaitu, kuma laifi ne. 'Yan ci-rani da dama suna asarar ƙuri'arsu ta nan, domin katinsu na Zamfara ne, su kuma ranar zaɓe suna Legas, ga kuɗin mota ya gagara.

Takara ma kundin bai sa sharaɗin asali ba. Shekara 25 ga majalisar jiha da ta wakilai, 35 ga sanata da gwamna da shugaban ƙasa, tun gyaran 2018. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, kuma zaɓensa aka yi. Abin da ke hana irin haka yau jam'iyyu ne da masu gari.

Me ya haɗa ƙidaya da ƙananan hukumomi da rabon kuɗi?

Daga asusun tarayya, bayan an cire kashi 13 na kuɗin ma'adinai ga jihohin da aka haƙo su, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Tsakanin jihohi, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, sauran 30 bisa faɗin ƙasa da ƙoƙarin tara haraji da buƙatun ilimi da lafiya da ruwa. Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Jigawa 27, Legas 20, Bayelsa 8, shi ya sa Legas take cewa an ƙware ta, ga shi ƙidayar 2006 ta nuna ta kusa kai Kano yawan mutane, dukansu sun haura miliyan 9. Kujerun majalisar wakilai 360 ma da yawan jama'a ake raba su. Kano da Legas kowace 24.

Duk ƙidaya a ƙasar nan sai ta zama faɗa saboda haka. An soke ta 1962 da ta 1973, ta 2023 kuma aka ɗage. Ana raba kuɗin yau da alƙaluman 2006, kamar babu wanda ya yi ƙaura tun lokacin, alhali rikicin Boko Haram kaɗai ya raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu.

Mutanen bakin iyaka fa, waye ɗan Najeriya, waye ɗan Nijar?

Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, ta bi ta Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno, ta raba Gobir da Katsina da Daura da Barno gida biyu. Sarkin Katsinan Maraɗi har yau sunan sarautarsa ke nan. Harshe ko kama ba su da amfani wajen tantancewa. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan 'yancin kai ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a waje kuma, idan uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne. Uwa kaɗai ta isa. Haihuwa a Najeriya ita kaɗai ba ta isa ba. Baƙon da yake son zama ɗan ƙasa sai ya shekara 15 yana zaune kafin ya nema. Lambar NIN kuma ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, domin baƙo mai izinin zama ma ana ba shi.

An taɓa mayar da wannan batu makamin siyasa. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Barno daga jam'iyyar GNPP, ta kai shi Cadi bisa cewa mahaifinsa ɗan can ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, korar haramtacciya ce, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Kwaddibuwa ta bi wannan hanya har ƙarshenta: aka hana Alassane Ouattara takara a 2000 da zargin asalinsa Burkina ne, aka riƙa kallon 'yan arewacin ƙasar a matsayin baƙi, yaƙi ya ɓarke a 2002. Duk ɗan siyasar da ya ce wani yanki baƙi ne suke cika masa akwati, a tambaye shi hujja.

Wane 'yanci yarjejeniyar ECOWAS ta ba matafiyi, kuma da wace takarda?

Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ƙasarta ba biza, ya zauna har kwana 90. Sharaɗi uku ne: ya bi ta hanyar shiga ta hukuma, ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice take bayarwa, ya kuma riƙe katin rigakafin cutar shawara. Mai mota ya ƙara da inshorar ƙungiyar ta motoci da takardar izinin shigar da motar na ɗan lokaci daga kwastam. A tabbata an buga hatimin shiga, domin da shi ake ƙirga kwana 90, kuma rashinsa shi ne hujjar farko da jandarma zai kama a shingen cikin ƙasa. Wanda zai wuce wa'adin ya nemi katin izinin zama, ya kuma yi rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa.

Yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa ikon hana wanda dokarta ta ce ba a so. Kuma ba ta hana Najeriya rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba. Kuɗin da ake karɓa a shinge ba rasit, babu shi a kowace doka, amma wanda takardunsa ba su cika ba ba shi da bakin yin gardama.

Bayan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso, ana buƙatar biza?

Ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, shekara guda bayan sanarwa. Ɓangarorin biyu duk sun ce ba biza. ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku har sai an ji sabon bayani, ƙawancen AES da ƙasashen uku suka kafa kuma ya ce ƙofarsa a buɗe take ga 'yan ECOWAS, tare da riƙe ikon hana wanda ya ga dama. Bambancin shi ne a da 'yanci ne da yarjejeniya ta kafa, yanzu kuwa alfarma ce da sanarwa guda za ta iya janyewa. Nijar ta kuma tsaurara dokar shiga da zaman baƙi a farkon 2025. Mai cin kasuwar Illela da Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, ko Maigatari, wanda jami'ai suka san fuskarsa, ba lallai ya ga canji ba. Amma wanda zai shiga ciki, Yamai ko Tawa ko Agadas, ya riƙe fasfo mai sauran wa'adi da katin rigakafi, ya kuma tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a makon da zai tashi.

Mutanen wannan iyaka sun riga sun ga abin da rufewa take yi. Bayan juyin mulkin da ya hamɓarar da Shugaba Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka datse hanya da wutar lantarki har watan Maris na 2024. Motocin albasa da dabbobi suka yi cirko-cirko, kasuwannin iyaka suka mutu, kuma takunkumin bai dawo da Bazoum ba.

Kamaru da Cadi da Sudan fa?

Ba sa cikin ECOWAS. Ɗan Najeriya yana shiga Kamaru da Cadi ba biza saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen, amma da fasfo. Sudan sai da biza, kuma tana cikin yaƙi tun Afrilun 2023. Hausawan can ba baƙi ba ne: da yawansu jikokin mahajjata ne da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Duk da haka batun wane ne mai ƙasa ya jawo musu kashe-kashe a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022. Yarjejeniyar zirga-zirga ta Tarayyar Afirka ta 2018 kuwa ba ta fara aiki ba, domin tana buƙatar amincewar ƙasashe 15.

Za a iya sake korar baƙi irin ta da?

A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, mutanen zango da Yarabawa da dama suka bar gidaje da shaguna. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu 'yan Gana, aka sake wata korar a 1985. A duka lokutan tattalin arziki ne ya tsuke, a 1983 kuma ga zaɓe a gaba. Ƙarin yarjejeniyar ECOWAS na 1986 ya hana korar jama'a a dunƙule, sai dai korar 1983 ta faru ne bayan an riga an sa hannu a yarjejeniyar 1979, kuma hujjar da aka kafa ita ce mutane sun wuce kwana 90 ba izini.

Yau matsin yakan zo ta dokar kasuwanci. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon ɗan kasuwa ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, ya ɗauki 'yan Gana 20, kuma da ita aka riƙa kulle shagunan 'yan Najeriya a Ankara da Kumasi. Izinin shiga daban, izinin buɗe shago daban.

Makiyayi yana da izinin tsallakawa da dabbobinsa?

Yana da shi, bisa ƙudurin ECOWAS na 1998, idan ya riƙe takardar shaidar kiwo ta ƙasa da ƙasa daga ofishin likitan dabbobi. Takardar tana nuna yawan garke da rigakafin da aka yi masa da hanyar da zai bi da inda zai shiga. Ana tsallakawa da rana, ta burtalin da aka ware, kuma ƙasar da za a shiga ita take sa lokacin shiga da fita. Matsalar ita ce gonaki sun cinye burtali da yawa, makiyaya da dama ba su san da takardar ba, sannan dokokin cikin gida, irin dokar hana kiwon sake ta Binuwai ta 2017, suna aiki a kan mai takarda da marar ita.

Tunda Nijar ta soke dokar hana jigilar baƙin haure, hanyar Agadas ta zama lafiya?

A'a. Dokar 2015 ta sa an kama direbobi an ƙwace motoci, sai masu jigila suka koma hanyoyin da babu rijiya babu sojoji. Soke ta a Nuwambar 2023 ya dawo da ayarin fili daga Agadas zuwa Dirku, amma ikon Nijar a iyakarta ya tsaya. Libiya da Aljeriya ba sa cikin ECOWAS, wanda ya shiga ba biza ya karya dokarsu. Aljeriya tana kwaso mutane ta sauke su a hamada kimanin kilomita 15 daga Assamaka, su ƙarasa da ƙafa. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 kusa da wannan iyaka bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance.

Alamar tarko ita ce "tafi yanzu, biya daga baya". Wanda aka ɗauka bashi, ana iya sayar da bashin ga wani a Sabha da ke kudancin Libiya, a kulle shi, a kira danginsa a waya suna jin kukansa. Haka ma duk dillalin da ya karɓe fasfo ya ce zai ajiye, ko ya yi wa yarinya alkawarin aikin gida ba takardar kwantiragi ba sunan wanda za ta yi wa aiki. Irin wannan a kai rahotonsa ga hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, tun kafin mota ta tashi.

Idan fasfo ya ɓata ko mutum ya maƙale a wata ƙasa, me zai yi?

Ya fara da kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya karɓi takardar shaidar ɓatan. Da ita da hotuna da duk abin da ke nuna shi ɗan Najeriya ne, lambar NIN ko hoton shafin fasfon, zai je ofishin jakadanci a yi masa tambayoyi, a ba shi takardar tafiya ta gaggawa, wadda take aiki sau ɗaya, zuwa gida kawai. Saboda haka kafin a tashi a ɗauki hoton fasfo da katin rigakafi a waya, a bar kwafi a hannun wani a gida. Inda ofishin jakadanci ya yi nisa, sarkin zango ko shugabannin ƙungiyar 'yan Najeriya na garin su ne suka san jami'in da za a kira. A Nijar da Libiya hukumar ƙaura ta duniya, IOM, tana mayar da waɗanda suka yarda su koma gida ba tare da sun biya ko kwabo ba, don haka duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunan mutum a jerin masu komawa, damfara ce.